Daga Gammo Zuwa Jakar Goyo: Mai Ƙaramin Guzuri a Hanyar Gwanja

 A irin wannan fitowa an saba jin labarin manya, wane ne ya fara shigo da kaza, wane ne ya fara sayen babbar mota. Sun cancanci a ambace su. Amma bana ina so mu waiwayi wani mutum da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato matafiyin da duk abin da ya mallaka yana bisa kansa ko a bayansa, ba shi da jaki balle mota, ba kuma wanda ya aike shi, amma ya sa ƙafa ya ratsa ƙasa uku ko huɗu ya dawo gida.

Abin da ya sa na ɗauko shi, kowa a cikinmu ya lura da samarin da ke zuwa tasha yanzu da jakar goyo, waya a hannu, suna tambayar motar Gaya. Daga can su yi Kwatano, su bi bakin teku zuwa Lome da Akara, su dawo ta Kumasi. Wasu kasuwa suke leƙe, wasu kuwa karatu suka gama suna son ganin duniya kafin nauyi ya hau kansu. Kuɗin da ke aljihunsu bai taka kara ya karya ba. Na sha jin dattawa suna cewa wannan yawon banza ne, kwaikwayon Turawa masu yawon buɗe ido. Ni ban yarda ba. Irin wannan tafiya ta girmi mulkin Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma da yawa daga cikin gidajen da muke alfahari da su yau, da ita aka kafa su.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja tana arewacin Gana ta yau. Ita kanta ba ta da itacen goro, goron na dazuzzukan Asante ne, sai dai a kasuwanninta ake kawo shi ya haɗu da mutanen arewa. Harkar ta kai ƙololuwa a ƙarni na 19, bayan jihadi, lokacin da Salaga ta zama uwar kasuwannin goro. Ayari zai tashi daga Kano ko Katsina ko Jega, ya gangara zuwa Kwara, ya ƙetare ta wajen Yawuri ko Ilo ko Busa, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki zuwa Zugu, garin da Faransawa suka rubuta Djougou. Daga nan ko dai a bi ta Sansanin Mango a gangaro Yandi, ko a yanke ta ƙasar Kotokoli, sai Salaga. Wanda ya ɗora wannan hanya bisa taswirar yau zai ga ta taɓa Najeriya da Benin da Togo da Gana, in kuwa mutum ya taso daga Gobir ko Adar ne, to, ga Nijar ta zama ta biyar. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda.

A 1826 wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama, cikin ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta mutanen, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin kaya ma wajen haka. To, kada mu zaci mutum dubun nan duk attajirai ne. Manyan fatake, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne masu jakuna da shanun kaya da barori. Akwai kuma bayi, waɗansu suna ɗauke da kaya, waɗansu su ne kayan. Wannan ɓangare ne na tarihin hanyar, bai kamata mu tsallake shi don ba ya mana daɗin ji ba. Amma a tsakanin mai jakuna hamsin da bawa akwai jama'a mai yawa da ke tafiya da kansu don kansu. Ga ɗan koli da allurai da kwalli da zobba, ga almajiri mai neman malami a gaba, ga wanzami da zabirarsa, ga baduku mai gyaran takalmi da mangala, ga matan da ke dafa abinci suna sayarwa duk inda aka sauka. Kayan irin wannan mutum ba su wuce ƙunshi ɗaya ba, a naɗe cikin tabarma ko buzu, a ɗora bisa gammo. Sai gorar ruwa, da sanda mai gwafa da zai jingina kayan in ya tsaya hutawa, don kada ya nemi mai ɗora masa.

Tambayar da ta dace mu yi ita ce, da me ya ci abinci wata shida? Ba da kuɗin da ya fito da su ba ne. Kuɗin lokacin wuri ne, kuma wuri zambar ashirin, wato keso guda, kayan mutum ɗaya ne cur. Wanda ya ce zai ɗauki guzurinsa a wuri, to, ba abin da zai ƙara ɗauka. Saboda haka hajarsa ita ce guzurinsa. Ya ɗauki kanwa ko gabu ko 'yan ƙyallaye na rini, ya sayar da kaɗan a wannan gari ya ci tuwo, ya sayi abin da garin gaba ba su da shi. Mai sana'ar hannu kuwa sana'arsa ke ciyar da shi. Ayari kuma inuwa ce gare shi. Kowane sarki a hanya yana karɓar kuɗin fito, kuma ƙasar Bargu ta yi suna da 'yan kwanta-kwanta. Madugu ne ke zama da sarakuna a yi ciniki a madadin kowa, a yanka wa kayan jaki nasa, kayan kai nasa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, malamin ayari yana riƙe da lissafi. Mai gammo bai isa ya yi ciniki da Sarkin Nikki ba, amma cinikin da madugu ya yi ya rufe shi.

Sai dai abin da ya fi duk wannan rage masa tsadar tafiya shi ne masauki, kuma nan nake so mu ɗan daɗe.

Ayari kan tashi da asuba, ya yi tafiya har rana ta take, sai a yada zango a bayan gari, a kakkafa bukkoki. Wurin da ake sauka duk shekara, dole wata rana a bar wani a nan. Wannan ciwo ya kama shi, wancan ya yi aure, wani kuma bashi ya riƙe shi ba ya son komawa gida da kunya. Ya koyi harshen mutanen wurin, ya san sarkinsu, ya gina ɗaki biyu. Baɗi in ayari ya dawo, shi ne zai fito tarya. Haka zango ya tashi daga wurin kwana ɗaya ya zama unguwa mai sarkinta da limaminta. Shi ya sa har gobe, in ka sauka a Kwatano ko Lome ko Kumasi ko Akara ka ce a kai ka zango, ba direban da zai tambaye ka me kake nufi. Kalmarmu ce ta zauna a bakin mutanen da ba su jin Hausa.

Tsarin mai gida da baƙonsa kowa a cikinmu ya san shi, amma ba kowa ya tsaya ya duba lissafin da ke ƙarƙashinsa ba. Falke ya sauka, an ba shi ɗaki, an ajiye masa kaya, an kawo masa akushi da dare, an haɗa shi da dillali, in ya ba da bashi mai gida ya tsaya masa. Ba a ce ya biya kuɗin kwana ba. Mai gida a la'ada yake ci. To, shi mai gammo fa, wanda duk hajarsa ba ta kai a yi mata la'adar kirki ba? Shi ma ba a kore shi. Zaure ne ɗakinsa, ko shirayin masallaci, kuma in an fito da tuwo zai sa hannu. Abin da zai biya da shi jikinsa ne: sauke kaya, ɗebo ruwa, kai saƙo, gadin jakuna. Mutane kan ce wannan kirkin mutanen da ne. Akwai kirki a ciki, ba musu, kuma addini ya yi umarni da girmama baƙo. Amma ni a ganina akwai wayon kasuwa ma. Mai gida ya san mai gammon bana shi ne mai jaki biyu baɗi, mai jaki goma bayan shekara biyar, kuma ba zai sauka a wani gida ba sai inda aka ba shi tuwo lokacin da ba shi da komai. Tuwon nan jari ne aka zuba.

Goro kansa ya taimaka wa talakan matafiyi, don haja ce mai son hidima kamar jinjiri. Ana shirya shi cikin huhu da ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a zaɓe, a fid da wanda sangara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, a sake ɗaurewa. Wannan aiki ne na hannuwa da yawa, tun daga Salaga har Kano. Yaro mai hankali a nan yake samun na abinci, a nan kuma yake koyon bambanta goro da goro. Ya saya wa kansa ƙwarya biyar ko goma, kowace ƙwarya goro ɗari, ya cusa cikin ƙunshinsa. In Allah ya kai shi gida lafiya, kuɗin sun ninka sau da yawa, ya sami abin da zai sayi jakinsa na farko.

Ba kowa ke kaiwa ba. Salaga gari ne mai ƙarancin ruwa, rijiyoyi birjik amma da rani sai an saya, itace ma sai an saya. Ciwon ciki da kurkunu da agana sun kwantar da mutane da yawa a hanya, kuma wanda ya kasa tafiya, ayari ba ya jiransa.

A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Gwanja ta ga ƙarfin Asante ya karye, ta fice daga ƙarƙashinta, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Sai kuma a 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, baƙi suka watse. Wannan watsewa ita ta ƙara cika zangunan Yeji da Kete-Karachi da Kumasi da Lome da Akara, wadda tsofaffinmu ke cewa Ankara. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Malam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Kete-Karachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Shi ma ya yi yawon fatauci da neman ilimi kafin ya zauna, kuma rubuce-rubucen da ya yi da ajami, waɗanda wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ya tattara, suna cikin abin da ya sa muka san yadda ayari yake daga bakin ɗan gida.

Daga nan sai Turawa suka zauna da taswira. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba, Yandi ta koma ɓangaren Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko. Iyakar Nijar da Najeriya kuwa an yi ta gyara ta a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa ana kafa alamu har 1908. Katsina da Maraɗi, uwa ɗaya uba ɗaya, suka wayi gari a ƙarƙashin tuta biyu. Kuɗin fito ma Turawa ba su soke shi da zuwansu ba, karɓe shi suka yi. Gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari haraji a Arewacin Najeriya, sai a 1907 aka janye shi.

Amma ba iyaka ce ta kashe ayari ba, jirgi ne. Layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, na Ikko ya isa Kano a 1911. Goron da ke yin wata uku bisa jaki ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa, cikin 'yan makonni yana kasuwar Kano. Daga baya ma Yarbawa suka shiga shuka irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu. Cikin waɗanda suka fara gane inda iska ta juya akwai Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta koma Akara da zama, kuma yana matashi ya bi ayarin Gwanja ya je wurinta. Bai je da dukiya ba. Daga baya ya shiga aika goro ta teku, sannan gyaɗa ta zo, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Kowa na tuna dalar gyaɗa, ba a cika tuna tafiyar farkon ba.

Mutuwar ayari ba ta zaunar da mai tafiya a ƙasa ba. Hasali ma ita ta sake shi. Da fashin hanya ya ragu, ba sai an jira mutum dubu sun taru ba, samari uku ko huɗu sun isa su ɗaura niyya bayan girbi su kama hanyar kudu. A nan ne ci-rani ya zama abin da muka sani. A ɓangaren Faransa akwai abin da ke tura mutum, ga lanho da dole a biya da kuɗin Bature, ga aikin tilas wanda ba a soke ba sai a 1946. A ƙasar Gwalkos kuwa, Gana ta yau, akwai abin da ke jan sa: gonakin koko, ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa, tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928. Wanda bai sami ko ɗaya ba ya shiga kasuwar Kumasi ya yi dako. Har yau sunan da ake kiran masu dako da shi a Gana daga kalmar kaya ya fito.

Akwai wani fim da ya kamata samarinmu masu jakar goyo su nema su kalla, sunansa Jaguar. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauke shi a wajen 1954, aka fito da shi a 1967. Labarin samari uku ne daga Ayoru a yammacin Nijar, Damure Zika da Lam Ibrahim da Illo Gawdel, ɗaya ɗan gayu mai ilimin boko, ɗaya makiyayi, ɗaya masunci. Suka tashi a ƙasa, suka ratsa Dahomey, suka ga teku, suka iso iyakar Togo da Gwalkos ba su da takardun da ake nema. Abin da suka yi shi ne abin da kowa ke yi a lokacin, suka zaga ta bayan ofishin suka wuce. Suka rarrabu kowa ya nemi aiki, suka sake haɗuwa a kasuwar Kumasi suka buɗe 'yar rumfar koli, da damina ta kawo kai suka koma gida suka rabar da tsarabar. Ba Hausawa ba ne, Zabarmawa da Fulani da Sarkawa ne suka fi yawa a wannan reshe na hanyar, amma duk wanda kakansa ya je Kumasi zai gane labarin.

A wancan zamani kuɗi iri biyu ne kawai a duk hanyar. Tun daga 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗi ɗaya ga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, sulen da aka ba ka canji a Kano shi za ka kashe a Kumasi. Faransa kuma ta fito da sefa a 1945, daga Yamai har Kwatano da Lome. Da 'yancin kai ya zo, Gana a 1957, sauran huɗun a 1960, Gana da Najeriya suka so a ga hoton nasu a takarda. Gana ta yi fam nata a 1958, ta koma sidi a 1965. Najeriya ta yi nata fam a 1959, ta koma naira a 1973. Wannan ya buɗe wa 'yan canji kasuwa, kuma ba na ƙorafi, da yawa a cikinmu daga nan suka tashi. Amma ga mai ƙaramin guzuri, duk canji ɗaya yankan nama ne daga jikinsa.

Abin da ya fi canjin kuɗi zafi shi ne sabuwar kalmar da ta shigo, wato baƙon haure. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin a ja layin iyakar, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Najeriya, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, amma har da 'yan Nijar da Chadi masu yawa. Jakar nan mai zanen ɗaki-ɗaki da muke zuba kaya a ciki har yau, a wannan kora ta sami sunan da ake kiranta da shi. Shekara guda bayan haka, a watan Afrilu na 1984, gwamnatin Buhari ta canza takardun naira ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta haɗu da fari, shi ya sa a Nijar mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari.

A tsakiyar wannan duka aka kafa CEDEAO, ko ECOWAS, a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Gowon da Eyadema. A 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai shiga kowace ƙasa cikinta ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. A faɗi gaskiya, wannan babban abu ne, kuma shi ya sa, lokacin da Nijar ke cikin ƙungiyar, yaron da ya fito daga Maraɗi yake iya tsayawa gaban jami'i a Aflawo ya ce ina da haƙƙi. Sai dai a lura, korar 1983 ta zo ne shekara huɗu bayan sa hannun Dakar. Kuma yarjejeniyar ba ta hana shingayen hanya yawaita ba, inda ake sauke fasinja ɗaya bayan ɗaya. Mai babbar mota yana da wakili da ya san kowa a iyaka, kamar yadda manyan fatake ke da madugu. Mai jakar goyo shi kaɗai yake shiga ɗakin.

Na baya-bayan nan ba sai na tsawaita ba, a jikinmu suka faru. Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ta fara buɗe wasu a Disamban 2020, Jibiya da Kamba sai a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, ɓangaren Najeriya ya buɗe a Maris na 2024, gadar Gaya da Malanbil kuwa ta ci gaba da zama a toshe, mutane suka koma ƙetare Kwara da kwale-kwale suna biyan kuɗin fito kamar zamanin madugai. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, ko da yake ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da shige da fice ba biza.

Wanda ya bi wannan jeri zai ga takarda tana zuwa tana wucewa, a buɗe yau a rufe gobe, amma ba a taɓa samun shekarar da ƙafa ta daina bin hanyar ba. Abin da ke ba ni tsoro ba daga gwamnati yake ba, daga cikin gidajenmu yake. A da, mai gida ba ya cin la'ada sai baƙo ya zo da kansa ya kwana. Yanzu kuwa ana turo hoton kaya ta waya, a yi ciniki, a aika kuɗi, a ɗora wa direba, shekara biyar kuna hulɗa da mutum ba ka san tsawonsa ba. Riba ta rabu da masauki. Da ta rabu kuwa, sai zaure ya zama ɗakin da ba ya kawo komai, sababbin gidajenmu ma ba a yi musu shi, sai ƙofar ƙarfe da maigadi. Ga kuma rashin tsaro, wanda ya ba kowa hujjar gaskiya ta ƙin saukar da wanda bai sani ba. Ba na ganin laifin wanda ya ji tsoro. Amma sakamakon shi ne yaron da ya isa Paraku ko Kara ko Tamale da dare, ko dai ya kwana a bencin tasha yana rungume da jakarsa, ko ya kama ɗakin haya da zai cinye guzurin mako guda cikin kwana biyu. Zai dawo da hotuna a waya, amma bai zauna a rumfar kowa ba, bai ga yadda ake auna albasa a Malanbil ko yadda ake ba da bashi a Kumasi ba, ba kuma gidan da zai ce nan ne gidanmu a garin. Da ɗan gari kan ci gari, shi kuwa bai sami ɗan garin ba.

Shawarar da nake kawowa gaban shugabanni ba mai tsada ba ce. Muna da mambobi ko abokan hulɗa a kusan kowane zango na hanyar, daga Ƙonni da Doso da Gaya, zuwa Kandi da Zugu, zuwa Kara da Yandi da Kumasi, da kuma reshen bakin teku. A tambayi kowane reshe wa zai iya ba da tabarma da tuwon dare na kwana uku, a rubuta. Yaron da zai tafi, namiji ko mace, ya zo da wanda zai tsaya masa daga cikin mambobi, sakatare ya ba shi takarda mai hatimi, a kuma buga waya gaba kafin ya isa, yadda mai masauki zai san wanda yake buɗe wa ƙofa. 'Yan mata a haɗa su da iyayenmu mata na reshen. Shi kuma matafiyin a gaya masa tun daga gida cewa kwana ukun nan ba na barci ba ne, da safe zai bi mai gida rumfa ya kama abin da ake kamawa. Ya tafi da katin shaida da katin rigakafinsa a wurin da ruwa ba zai taɓa ba, ya raba kuɗinsa gida biyu, ya bar tafiyar dare a inda mutanen wurin suka ce a bari. In ya tashi sallama da mai gida na farko, ya tambaye shi abin da garin gaba ba su da shi, ya sayi ko na jikka biyu ne ya sa a jaka.